Faifai da Tabarma

Zuwa ga Yayana,

Bayan gaisuwa mai yawa, yaya aiki, yaya zaman nesa? Ina fata kana lafiya. Mu nan kalau, sai kewarka.

Kada ka yi mamakin ganin takarda. Da gangan na ƙi rubuto maka ta waya, don ba na son na'urarka mai rubuta maka saƙo ta amsa mini da ladabin nan nata mai ban haushi.

Maganar Inna ce. Ka san ba ta karatu, kunne kuma ya yi nauyi, kira ba ya yi mata amfani, sai in matsa kusa in karanta mata saƙonka da ƙarfi. Ashe duk lokacin nan idonta na kan wayar. Wadda ta shekara arba'in tana saƙa ai ba a yi mata wayo da siffa. Ta lura saƙon da mutum ya rubuta da yatsansa yana fitowa a kewaye, wanda na'ura ta tsara kuma cikin gida mai kusurwa huɗu. Na farkon ta raɗa masa faifai, na biyun tabarma.

Yaya, yau kwana ashirin da uku tabarma kake aiko mana. Ni da rawar kaina har muryarka nake kwaikwaya, ita kuwa tana gyaɗa kai don kada ta kunyata ni. Shekaranjiya ta dafa hannuna ta ce in huta haka nan, wai ɗan da ta haifa bai taɓa jera gaisuwa uku a tsare ba.

Abinci sai na yi da gaske take taɓawa. Ta ce cikin biyu akwai ɗaya, ko hannunka ne ya samu matsala, ko zuciyarka. Zuciyar take tsoro, saboda ranar tafiyarka fushi ya hana ta fitowa rakiya. Abin na cin ta, ni ma wallahi yana ci na.

Don Allah ka aiko faifai, ko da kalma ɗaya ce.

Ƙanwarka mai kewarka,
Auta

Zuwa ga Yayana,

Gaisuwa da ya jiki. Allah ya ƙara sauƙi, ya sa kaffara ne. Inna na gaishe ka, tana sa maka albarka.

Amma kai ma dai! Inji ya kama maka hannun dama a masana'anta, ka kwanta asibiti, ka riƙa faɗa wa na'ura ta gaishe mu don kada hankalinmu ya tashi? To ga shi ya tashi ninki biyu. Sai ka dawo za mu yi ta.

Ranar Talata ina shara wayar ta yi ƙara. Inna ce ta riga ni gani. Ɗan faifai ne ƙarami, kalma uku, biyu a karkace, rubutun hagu. Ba ta bari na karanta ba sai da ta ɗora babban yatsanta a kai ta daɗe. Da bayanin hannun ya biyo baya na karanta mata, ta yi kuka, ta share da bakin zane, sannan ta yi hamdala. Wai hannu yana warkewa. Ranar sai da ta nemi ƙari a abinci.

Ta ce kada ka wahalar da hagun, ɗigo ɗaya ma ya ishe ta, in dai a faifai yake.

Sai abu na ƙarshe. Saƙon da ka gani jiya daga wayata, harafi ɗaya a jere sau tara, har ka tambaya ko a aljihu ta dannu, ba kuskure ba ne. Inna ce ta ce in riƙe mata wayar. Ta yi bisimilla, ta danna da kanta, ta tsaya sai da ta ga ya fito a kewaye. Ta ce rakiyarka ce da ba ta yi ba.

Ka ajiye shi, Yaya. Shi ne rubutunta na farko a duniya.

Taka har kullum,
Auta