Na Amsa Wasiƙar Abokina da Sunansa Don Ya Fi Ni Iya Jita

Gaisuwa mai yawa ga Edita da duk masu karanta wannan shafi, da fatan kowa yana lafiya. Don Allah a sakaya sunana, kuma ina roƙon wanda zai ba ni amsa ya karanta har ƙarshe kafin ya zage ni. Shekara huɗu ke nan ina zagin kaina, yanzu shawara nake nema.

Ni malamin sakandare ne a Haɗejiya, asalina kudancin Kaduna, aiki ya kawo ni. Tun ina yaro nake kaɗa jita a coci, kuma a garin nan in ana maganar jita ni ake nunawa. Wani ɗan hidimar ƙasa da ya yi aiki a makarantarmu, da zai tafi, ya bar mini tsohuwar jitarsa ta lantarki da kaset ɗin bidiyo guda biyu. A ciki wani Bature ne mai dogon gashi yana koyar da kiɗan rok, musamman abin da suke kira solo, wato wurin da sauran makaɗa ke lafawa su bar jita ta yi magana ita kaɗai. Ba ni da bidiyo a gida, sai na riƙa zuwa shagon wani mai gyaran rediyo da talabijin, ɗan asalin garin, zan kira shi Sale. Sa'ana ne, amma Malam yake ce mini. Kullum bayan an tashi makaranta, in an kawo wuta, zan zauna a kan bencinsa da jita a cinya, shi kuma yana mayar mini da kaset baya sau ashirin, sau talatin, ba ya ƙosawa.

Wata uku ina fama da wani wuri guda da Baturen ke tura tsirkiya sama da yatsa har ta yi kuka, sannan ya gangaro da gudu. Yatsuna suka yi kanta, abin ya ƙi. Ran nan na fita sayen ruwan sanyi, ina dawowa na ji kukan nan daidai yana fitowa daga shagon. Na ɗauka kaset ne, sai na tuna an ɗauke wuta, talabijin ɗin a kashe yake, ƙaramar lasifikar batir da nake haɗa jitar da ita ce kawai ke aiki. Ina leƙawa na ga Sale ne riƙe da jitata. Ya ajiye da sauri yana dariya, ya ce, "Yi haƙuri Malam, gwadawa na yi. Ai ka ga shi da yatsu uku yake turawa, kai kuma da ɗaya kake yi." Na yi dariya ni ma, na ce madalla, na karɓi jitar. Mutumin da ko Turancin Baturen ba ya ji? Ni da na shekara ashirin ina kaɗawa? Da ido kawai ya ɗauke abin da ya gagare ni.

Daga nan ni na riƙa bar masa jitar, don kada a ce ina baƙin ciki. Kafin shekara ta zagayo ya haddace kaset biyun, har ya fara ƙirƙirar nasa, yana sa jita ta kwaikwayi goge da algaita. Masu wucewa su tsaya a ƙofar shago su yi cincirindo. Duk wanda ya yabe shi sai ya nuna ni ya ce, "Ga malamina nan." Kun san wannan maganar ta fi zagi yi mini ciwo? Har matata wata rana ta ce, "Kiɗan Sale kam har cikin ƙashi yake shiga." Ban ci abincinta ba ranar, kuma har yau ba ta san dalili ba.

Sai wani abokin aikinmu ya yi aure, aka ɗauko ƙungiyar makaɗa daga Jos. Da la'asar mutane suka matsa a ba Sale jita ya taɓa. Da ya gama, shugaban ƙungiyar, wani dattijo, ya riƙe hannunsa ya ce yana neman irinsa, zai rubuto masa in ya koma. Sale ba shi da akwatin gidan waya, sai ya ba da na makarantarmu, ta hannuna. Ni ina tsaye a gefe, dattijon ko sunana bai tambaya ba.

Bayan mako uku wasiƙar ta zo. Na buɗe ta a ɗakin malamai lokacin tara. Dattijon ya ce Sale ya zo Jos a ƙarshen wata, akwai ɗakin kwana da jita sabuwa suna jiransa. Na karanta ta sau uku. Ba zan ce Shaiɗan ba ne, ni ne. Na yagi takarda daga littafin darasi na rubuta amsa da sunan Sale: na gode, amma iyayena ba su yarda ba, kada a sake rubuto mini. Na kai gidan waya da ƙafata, wasiƙar kuma na yayyaga ta na zuba a masai. Wata biyu Sale yana tambayata, "Malam, shiru?" ina ce masa, "Ka san mutanen birni, baki ne kawai." Ranar ƙarshe da ya tambaya ya ce, "Ƙila dai ban kai ba ne." Ni kuwa, Allah Ya gafarta mini, daɗi na ji.

Da kasuwar gyara ta ja baya, yayansa ya ja shi noman rani a fadama wajen Kirikasamma, tattasai da albasa. A nan bel ɗin injin ban-ruwa ya kama hannunsa na hagu, hannun da yake danna tsirkiya da shi, ya tafi da yatsu biyu, na tsakiya da na kusa da ƙarami. Na je asibiti na same shi hannu a naɗe. Shi ne ma yake lallashina, yana cewa, "Haba Malam, daina kuka, haka Allah Ya rubuta." Da a ce na miƙa masa wasiƙar nan tun farko, me zai kai shi bakin injin? Yayansa har yau yana shi mini albarka saboda zaryar da na yi a asibitin. Da matar Sale ta haihu, ni aka fara aiko wa da goron suna.

Na ɗauka maganar jita ta mutu ke nan, na ce zan bar abin tsakanina da Allah. Ashe Sale ya samu wata tsohuwar jita, ya juya tsirkiyoyinta, ya koma danna su da hannun dama, yana kaɗawa da yatsun da suka rage a hagu. Shekara biyu yana yi a bukkar gona ban sani ba, ba kaset, ba komai, daga abin da ya haddace. Ranar Lahadin da ta wuce bayan an taso coci ya zo gidana da kwandon tattasai da jitar a baya. Ya zauna a gindin darbejiya ya kaɗa. Jama'a, ya fi da. Matata ta fito da ludayi a hannu ta tsaya. Ni kuwa, maimakon in yi murna, abin nan ya sake taso mini kamar ranar farko. Wane irin mutum ne ni? Mai yatsu takwas nake wa hassada?

Da ya gama ya ciro wata tsohuwar takarda daga aljihu, adireshin dattijon nan ne, ashe ya ajiye shi duk shekarun nan. Ya ce, "Malam, ina so in sake gwadawa, ƙila waccan wasiƙar tasa ɓata ta yi a hanya. Kai ka iya rubutu, ka rubuta masa da sunana. Ran Asabar zan shigo gari in sa hannu, mu kai gidan waya tare."

In na rubuta, dattijon zai ga rubutun hannu iri ɗaya da na waccan amsar, ko ya amsa ya ce ai kai ka ƙi zuwa. In na ƙi rubutawa, na sake tare masa hanya karo na biyu. In na faɗa masa gaskiya, da wane ido zan kalli hannun nan? Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne, ban tabbata tsoron tonon asiri ne kaɗai ke hana ni ɗaukar biro ba. Har yanzu akwai wani abu a raina da ba ya so a ji kiɗansa a Jos.

Yau Talata. Don girman Allah ku faɗa mini, in Sale ya yi sallama a ƙofata ran Asabar, me zan yi?