Ragon suna da gida na biyu

Litinin, 7 Oktoba 2024
Yau na cika wata huɗu ajin manya na Turanci nan Isa. Malam Abdurra'uf shi yac ce kowa ya riƙa rubuta abin da yaf faru garai. To ga shi. Ni Maliki na Turba, wanda yas sauke Ƙur'ani tun bai da gemu, an ce wai in koyi duba jadawali. Zane ne gida-gida awa dara. Malam yac ce yatsa guda sama, guda gefen hagu, a jawo su har su gamu. Nic ce Malam ni ido ya ishe ni, yatsa na tuwo ne. Aji duk anka yi dariya.

Laraba, 9 Oktoba
Baba Usaini, tsohon da ka zama kusa da ni, da tsinken tsintsiya yaka bin layi. Nic ce Baba in ka gama ka share muna ajin. Yac ce kai dai ɗan neman magana ne.

Alhamis, 17 Oktoba
Ragon matata Lailatu na zawo. Shi ta ka kiwo don suna, ga ta da ciki wata tara. Na tahi Sabon Birni na sawo maganin tsutsa. Jikin kwalba akwai jadawali, gida biyar jere, da Turanci. Mai kanti yac ce ragonka gida na biyu za ka bi, ko in nuna ma? Nic ce ɗan boko kaka ma magana.
Na ƙirga ɗaya, biyu. Nig ga takwas rubuce. Na ɗura mai takwas da sirinji. Lailatu tac ce Malam bai yi yawa ba? Nic ce ke ka zuwa aji ko ni.

Juma'a, 18 Oktoba
Rago kwance. Yawu, makyarkyata. 

Asabar, 19 Oktoba
Ba da sanina ba Lailatu ta aika ma Baba Usaini da kwalbar. Sai ga shi da tsinkenai. Ya daɗe shina bi, kana yac ce Maliki daga ina kaf fara ƙirga? Nin nuna mai. Yac ce dama kenan, ai wanga ba allo ba ne. Daga hagu, gida na biyu huɗu ne. Kuma ga nauyin dabba rubuce sama, ban ko duba ba.
Ninki nib ba rago. Hannuna ne yat tahi dama da kainai, yadda yas saba.
Likitan dabbobi ya zo ya yi ma rago allura, yac ce sai a jira ikon Allah. Na so in yi barkwanci, ban samu ba.

Lahadi, 20 Oktoba
Rago ya tashi. Ya ci harawa kaɗan. Nic ce ma Lailatu kin ga ko tsutsa guda ba ta saura ba. Tac ce Malam hita min ɗaki.

Litinin, 21 Oktoba
Na riga kowa zuwa aji, hanya ce ba cunkoso. Nic ce ma Malam ya sake nuna min abin nan, don wani abokina. Bai tambayi sunan abokin ba.
Ya ba mu jadawalin maganin jarirai. Mutum bakwai sunka riga ni gamawa. Na duba nawa sau ukku kafin in ɗaga hannu.