Ƙorafi Kan Gajimaren Da Ya Rufe Fuskar Mai Awara

Zuwa ga:
Mai Girma Shugaban Sashen Raya Al'adu,
Ƙaramar Hukumar Minasawa.

Daga:
Kuramochi Setsuko, Sakatariyar Ƙungiyar Dattawan Unguwar Gada,
a madadin Uwargida Arai Tomie.

17 ga Nuwamba, 2019

Game da: Ɓatar da fuskar marigayi Arai Masao a fim ɗin da Sashenku ya gyara

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina gabatar da koken Uwargida Tomie, mai shekara tamanin da ɗaya, wadda idanunta ba sa barinta rubutu yanzu, amma bakinta lafiya lau.

1. A ranar 9 ga wannan wata Sashenku ya nuna tsohon fim ɗin manya da aka ɗauka a masaukin wankan ruwan zafi na garin nan a 1972. Uwargida Tomie ba ta taɓa shiga irin wannan kallo ba. Ta sa rigarta ta kimono da take zuwa biki da ita, ta zauna a layin gaba tsakanin ɗalibai, kunya kamar ta nutse. Mijinta ta zo gani.

2. Marigayin mai sayar da awara ne. Ranar ɗaukar fim ɗin ya biyo ta bayan masaukin a kan kekensa yana busa ƙaho, ya leƙo ta taga don jin ko ana bukata, ya ga abin da ya gani, ya cire hula ya ba da haƙuri. Mai shirya fim ya bar wurin a cikin fim ɗin yadda yake. Mai awarar ya rasu a 1975, kuma ambaliyar 1981 ta tafi da hotunan gidan. Ban da wannan taga, babu inda fuskarsa ta rage a duniya.

3. Mun san doka ta ce a sa ɗan farin gajimare a rufe tsiraicin 'yan wasa, ba mu ja da doka ba. To amma gajimaren da can bai fi tafin hannu ba. Na Sashenku kuwa ya yi ƙiba, ya haye gado, ya kama bango, ya haɗiye taga da mai awara. Ƙahon kawai Uwargida Tomie ta ji. Ta miƙe tsaye a tsakiyar jama'a ta ce, "Kai, ku matsar da abin nan, mijina ne a baya!" Ɗalibai suka yi dariya. Ita ma ta yi, sai da muka hau motar komawa gida ta fara kuka.

4. Takardar bayanin da kuka raba ta yi tir da fim ɗin, wai duk mutanen cikinsa iri ɗaya ne, babu ko baƙo guda. Ranka ya daɗe, ai dole. Sunan marigayin na yanka Pak Chun-sik, iyayensa daga Koriya aka kawo su aikin haƙar kwal. Ya ɗauki sunan Arai, irin na 'yan ƙasa, ne don a sayi awararsa. Mutum ɗaya tilo da zai wanke fim ɗin daga wannan zargi, shi kuka shafe, sannan kuka zauna kuna cigiyarsa a rubuce.

5. Ta ce in ƙara da cewa ba ta ga an rufe mahaifinka, Yallaɓai, ba, wanda ya fito sarai cikin masu leƙe ta katangar wanka. Na ce mata wannan ba ya cikin ƙorafi. Ta ce in rubuta.

Saboda haka muna roƙon Mai Girma ya ba da umarni a mayar da gajimaren iyakar inda kunya take, a gyara takardar bayani da sunan marigayin na gaskiya, a kuma sake nuna mata fim ɗin kafin ƙarshen shekara, domin likita ya ce ganin idonta na dama ma ba zai kai bazara ba. Idan kuwa gyaran ya fi ƙarfin Sashenku, ta ce ku rufe duk sauran fim ɗin, ba ta da asara, ku bar mata tagar.

Ka huta lafiya, tare da ladabi da biyayya.

Taka mai biyayya,
Kuramochi Setsuko
(da hatimin Arai Tomie)