Kiran Baba a Kan Dutse

Yaya Sailuba,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, da Inna, da mutanen Bahindi duka.

Ni lahiya lau, ƙafafuna ne kawai suka ɗan kumbura. Kwana tara muka yi da malaminmu muna taka duwatsun Maroko, inda rana ta faɗi mu kafa tanti. Ran na shida ina alwalar asuba na ji Baba sarai ya kira ni "Wakili", sunan da shi kaɗai yake kirana da shi. Na waiwaya, ba kowa.

Tun saukowarmu na buga waya sau huɗu, kullum Inna ta ce yana gona. Yaya, an gama girbi tuni. Don Allah ki faɗa mini gaskiya, zan jure.

Allah Shi tsare ku.

Ƙaninki,
Nasrullahi