Kada Ki Warware Zaren

Anti Rebeka,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Yaya shago, yaya ciwon ƙafar? Ki gaishe min da Baba Zakka da matan zumunta.

Ni lafiya lau, sai dai sanyin Ingila, ga aikin kula da tsofaffi ba ya barin mutum ya zauna. Kada ki damu, ana sabawa.

Kin tuna yadda kike ɗinke shafukan ƙarshe na littattafan soyayyar Kirista kafin ki ba mu aro? Mu taru a shagonki na Sabon Gari, kan ƙyallayen atamfa, muna musun wanda yarinyar za ta aura. Sai Lahadi bayan sujada ki warware zaren.

Yanzu ina rubuta sharhin irin littattafan nan a intanet. Ana yabawa, amma babu mai ce min "ƙarya kike" kamar yadda ƙawata Uchechi ke yi a shagonki.

Ga wani na aiko, labarin wata ungozoma a zamanin da jirgin ƙasa ya fara shiga Kano. Ban karanta ƙarshensa ba. Ki ɗinke shi, Anti, kada ki warware sai na dawo.

Allah ya sada mu.

'Yarki,
Rifkatu