Rijiyar Kakanka da Faya-fayan Japan

Assalamu alaikum Sani, ɗana. Ina gajiya, ya aiki, ya zaman Fatakwal? Mu nan Madadi lafiya lau, sai tsadar gero.

Faya-fayan finafinan Japan da ka aiko wa matarka Hajara ba su zo da alheri ba. Tunda aka rufe gidan kallo, a ɗakinta matan unguwa suke taruwa. Na leƙa sau biyu, duk abu ɗaya: mace da farar riga, gashi ya rufe fuska, jiƙe sharkaf, tana rarrafowa daga rijiya neman fansa. Tir! Waɗanne irin mutane ne za su bar gawa cikin ruwa, ba wanka ba sutura, su mai da ita abin kallo?

Yanzu Hajara ta ƙi jan ruwa a rijiyar gidanmu. Jiya ta ce, "Baba, a cike rijiyar nan, in na leƙa gashi nake gani." Na ce, "Inuwar kanki ce, ɗaura ɗankwali!"

Kakanka ya haƙa rijiyar nan shekarar fari, rabin gari ta shayar. Ko akuya ba ta taɓa mutuwa ciki ba. Amma ƙannenka sun bi Hajara, har sun jibge ƙasar cikewa a bakinta. Ni nake jan guga da wannan bayan nawa. Ka rubuto ka hana su, maganarka suke ji. In ka ƙi, sai su cike ta da ni a ciki.

Ka sa mu a addu'a, ka gai da maƙwabtanka.

Mahaifinka,
Malam Idi