Tagar da Ba Ta Jin Gaisuwa

Bloemfontein, 4 ga Mayu

'M'e,

Ina gaishe ki da girmamawa, mahaifiyata. Yaya ƙirjin? Likita ya ce in kika sake shan sanyin bara, huhunki ba zai ɗauka ba. Shi ya sa na aiko da sababbin tagogi, masu gilashi biyu da iska a tsakani, sanyi ba ya ratsa su. Ntate Thabiso kafinta zai saka miki. Ki daina cusa tsumma a tsaga, don Allah.

'Yarki,
Mpolokeng

Mokhotlong, 19 ga Yuni

Mpolokeng 'yata,

Gaisuwa da fatan kina lafiya. An saka tagoginki. Ƙanƙara ta rufe duwatsu, amma ni bargo ɗaya ya ishe ni, tarin ma ya lafa. Na gode.

Sai dai kin mayar da ni kurma. Kin san mutanenmu, ba mai hawowa har ƙofa, daga hanya suke ɗaga murya su gaishe ka, ka amsa daga ciki. Yanzu bakinsu kawai nake gani yana motsi, in ma na lura. A coci maƙwabcinmu Ntate Sekhonyana ya ce, "Tun da aka yi gilashin birni ai mun zama ƙananan mutane." Na yi dariya, amma ya yi min zafi.

Ƙawata 'M'e Malineo, wadda muka yi shekara arba'in muna ɗiban ruwa tare, ta rasu ran Talata. An tsaya a hanya an kira ni har sau uku. Ina zaune ina tankaɗen gari, ban ji ba. Sai ran Alhamis na sani.

Gidan da ɗumi, 'yata, amma kaɗaici ya ishe ni.

Mahaifiyarki

Bloemfontein, 2 ga Yuli

'M'e,

Ina gaisuwa, kuma na yi kuka da rasuwar 'M'e Malineo. Amma ina roƙonki, kar ki buɗe tagar nan kafin Satumba. Gaisuwa ba ta warkar da huhu. Ke kaɗai kika rage min. Zan zo a Disamba in an ba ni hutu.

'Yarki,
Mpolokeng

Mokhotlong, 21 ga Yuli

'Yata,

Ina gaishe ki. Wasiƙarki ta iso, na karanta sau biyu, kin yi gaskiya.

Na buɗe tagar da ke wajen hanya. Tarin ya dawo. Jiya mutum biyar suka gaishe ni, duk na amsa.

Ki zauna lafiya.

Mahaifiyarki